Sana'ar Tace Hoton Bidiyo a Gida: Misali Daga Rijiyar Zaki

1.0 Gabatarwa

An yi rubuce-rubuce da dama a kan fina-finan Hausa tun daga taron da aka yi a Kano cikin 2003, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu da abokan aikinsa suka tattara takardunsa suka buga a 2004. Amma yawancin nazarin ya fi karkata ga jigo, da waƙa, da 'yan wasa, da kuma tasirin fina-finan Indiya. Mutumin da yake zama shi kaɗai a ɗaki, ya yanke wannan hoto ya haɗa shi da wancan har labari ya tashi, ba a cika waiwayarsa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana sana'ar wannan mutum, watau mai tace hoto da yake zaman kansa: inda sana'ar ta samo asali, da kayan da take bukata, da hanyoyin da ake bi a sami aiki, sa'an nan da abin da ta shafa na harshe da al'ada. An ɗauki Rijiyar Zaki a matsayin misali, domin tarihin wurin yana haskaka al'amarin ƙwarai.

2.0 Rijiyar Zaki da Al'adar Sana'ar Gida

Rijiyar Zaki mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Ungogo, tana yamma da birnin Kano a kan hanyar Gwarzo, tsakanin Kabuga da sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Tana cikin ƙasar nan da ta kewaye birni, wadda Mortimore da Wilson suka yi nazarinta a 1965 saboda cunkoson manoma da ke cikinta. A wannan ƙasa ba a barin gona ta huta. A wancan lokaci jakuna ne suke ɗauko taki daga birni zuwa gonaki, su koma da itace da amfanin gona. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi ta kuma buga littafinta a 1977, ta nuna yadda yawan jama'a ya sa gonar magidanci ta ƙanƙance har ta kasa ci da shi shekara. Saboda haka tilas ne manomin wannan yanki ya riƙe wata sana'a bayan noma, ko saƙa, ko rini, ko ɗinki, ko fatauci, ko ƙodago a birni.

Wannan ba sabon abu ba ne. Sa'ad da Barth ya ziyarci Kano a 1851, abin da ya burge shi game da saƙa da rini shi ne, a cikin gidaje ake yin su, ba a manyan masana'antu kamar na Turai ba, har kayan su kai Timbuktu da Tarabulus alhali masaƙin bai bar iyalinsa ba. A 'yan shekarun nan birni ya cinye yawancin gonakin Rijiyar Zaki, an yanka su filaye, gidaje da shaguna da ɗakunan hayar ɗalibai sun maye gurbin gero da dawa. Gona ta tafi, amma ɗabi'ar kafa sana'a a soro ko a shagon ƙofar gida tana nan. Saurayin da ya ajiye kwamfuta a ɗakinsa yana karɓar aikin bidiyo, a tsarin tattalin arziki, magajin maɗinkin nan ne da ya ajiye keke a zaure: jarinsa na'ura ɗaya, ladansa a kan kowane aiki, kasuwarsa kuwa mutuncinsa.

3.0 Kalmar Tace

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu dubi sunan sana'ar. A jerin sunayen da ake rubutawa a farkon fim ko ƙarshensa akan ga ɗaukar nauyi, da shiryawa, da ba da umarni, da ɗaukar hoto, sa'an nan tace hoto ko tacewa. A bakin 'yan fim kuwa edita aka fi ji. Asalin kalmar tace daga madafa take, domin ita ce ake amfani da ita wajen raba gasara da dusa, kuma daga tushenta aka sami mataci da tatacce. Ke nan Bahaushe ya kalli aikin ta fuskar fitar da abin da ba a so.

Sai dai akwai matsala iri biyu a nan. Ta farko, kalmar ba ta ɗauke aikin duka ba, domin rabinsa ne cirewa, rabin kuwa jerawa ne da haɗawa da daidaita sauti da launi. Ta biyu, tun da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, kalmar ta ɗauki ma'ana ta daban, watau duba fim a ga ko ya saɓa wa addini da al'ada. Idan aka ce an tace fim, mai sauraro ba zai san ko edita ne ya gama aikinsa ko hukuma ce ta ba da izini ba, sai ya duba muhallin maganar. A wannan maƙala, in an ce mai tacewa, edita ake nufi.

4.0 Yadda Sana'ar ta Fito Daga Gidan Hukuma

A zamanin majigi, tace fim aikin hannu ne na zahiri. Da almakashi ko reza ake yanke zaren fim a liƙa shi da wani, kuma hukuma ce kaɗai take da halin yin haka. Baban Larai, wanda aka yi a zamanin Turawa don koyar da noman auduga, da Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk a ƙarƙashin inuwar gwamnati aka yi su. Haka nan wasannin kwaikwayon talabijin, tun daga tashar Kaduna da aka buɗe a 1962 har zuwa CTV ta Kano da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, a ɗakunan tashoshin ake haɗa su, kuma ma'aikatan albashi ne suke yi.

Kaset ɗin bidiyo ne ya fara sassauta wannan riƙo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, aka ga cewa ƙungiya mai zaman kanta za ta iya yin fim ta sayar. Amma tacewar wancan lokaci mai wuya ce. Na'ura biyu ake haɗawa, ɗaya tana nunawa ɗaya tana naɗa, a bi labari daga farko zuwa ƙarshe a jere. In aka tuna wani abu a tsakiya bayan an wuce, sai a sake daga wurin. Kuma duk sa'ad da aka kwafi kaset daga kaset, hoto yana raguwa, shi ya sa fina-finan farko suke da dishi-dishi.

Kwamfuta ta kawar da wannan duka. Manhajar Avid ta fito a 1989, Adobe Premiere a 1991, Final Cut Pro a 1999. Da su mai tacewa yana iya ɗauko kowane yanki ya sa inda ya ga dama, ya warware ya sake, ba tare da hoton ya rage kyau ba. A shekarar 1999 ɗin nan ce aka fara buga mujallar Fim, aka kuma fara ganin sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa, fim ɗin Sangaya ya buɗe kasuwa, ofisoshin shirya fim suka yawaita a Kano, musamman wajen Titin Gidan Zoo. A wannan zango mai tacewa yaron kamfani ne, domin na'urar ta fi ƙarfin aljihunsa.

Zango na uku ya zo ne da faɗuwar kasuwar faifai a shekarun 2010. Satar fasaha, da masu tura fim a waya, da fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa, suka taru suka karya 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta saba wa jama'a da shiri mai dogon zango irin Daɗin Kowa. Daga 2020, da Izzar So da Labarina suka karɓu, sai masu shirya fim suka koma ga YouTube. Shiri mai fita mako-mako yana bukatar mai tacewa kullum, kuma tun da kwamfutar hannu ta isa yin aikin, ba dole ne a yi shi a ofis ba. Ta haka sana'ar ta koma gida.

5.0 Kayan Aiki

Abin da ake bukata bai da yawa, amma kowanne yana da dalili. Na farko kwamfuta mai ƙarfi, wadda ƙwaƙwalwar aikinta ta kai gigabait 16 in so samu ne. Yawanci ta hannu ake saye, wadda aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka. Na biyu manhaja: Premiere ana biyan kuɗinta wata-wata da kuɗin waje, DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta wanda ya isa aiki, CapCut kuwa ko a waya ana amfani da ita don gajerun hotuna. Na uku ma'adana ta waje, kuma biyu, domin wanda ya ajiye hoton bikin mutane a wuri ɗaya ya lalace, ba shi da abin da zai faɗa musu, tun da ba a sake ɗaurin aure. Na huɗu abin sauraro na kunne mai kyau, saboda mai kallo yakan haƙura da hoto mai rauni, amma ba ya haƙura da maganar da ba ya ji.

Lissafi kaɗan zai nuna nauyin aikin. Kyamarar da take ɗaukar megabit 100 a daƙiƙa tana cika gigabait 45 a awa ɗaya. In layin intanet ɗin mutum yana tura megabit 5 a daƙiƙa, sai ya yi awa 20 kafin ya aika wannan awa ɗaya. Wannan ne ya sa har yanzu ɗan saƙo a babur ko a-daidaita-sahu, da ma'adana a aljihu, ya fi intanet sauri tsakanin Rijiyar Zaki da tsakiyar gari. Shi ne kuma ya sa masu ƙaramar kwamfuta suke yin dabarar sauƙaƙa hoto: a yi kwafi mara nauyi a yi aiki da shi, in an gama manhaja ta mayar da na asali a gurbinsa.

Babban abin da ya fi ci wa sana'ar tuwo a ƙwarya shi ne wuta. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ninka kuɗin tayar da janareto. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin farko zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni. A ƙarshen Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa, har da Kano, suka shafe kwanaki a duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Saboda haka kwamfutar hannu ta fi ta tebur dacewa, domin ba ta cin wuta sosai kuma tana da batir, sa'an nan mai hali yakan haɗa da farantin sola. A nan ƙasar tana da rabo, don rana ba ta yi mata rowa ba. Sai dai zafin bazara da ƙurar hunturu abokan gaban na'ura ne.

6.0 Hanyoyin Samun Aiki

Ana iya kasa hanyoyin gida huɗu, daga na kusa zuwa na nesa.

(a) Bukukuwa da taruka. Nan yawancin masu koyo suke farawa: kamu, da ɗaurin aure, da walima, da suna, da saukar karatu, da Maulidi, da tafsirin watan azumi. Mai ɗaukar hoto ne yake karɓar jinga daga masu biki, shi kuma ya yanka wa mai tacewa. Ladan ba shi da yawa, amma aikin ba ya yankewa, kuma yana da lokutansa kamar noma, domin aure yakan yawaita gabanin azumi da bayan salla da kuma bayan kaka.

(b) Masu shirya fim da masu tashoshin YouTube. Ƙa'idar da YouTube ta kafa a 2018 ita ce, tasha ba ta fara samun kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, sa'an nan mai tasha ya karɓi kashi 55 cikin ɗari na kuɗin. Wannan ya sa mai sabuwar tasha ba shi da abin biya, sai ya ce da mai tacewa su yi aiki a raba in kuɗi ya fara shigowa. Tsari ne mai kama da noman raba-daidai, kuma rigimarsa iri ɗaya ce, wato wa ya san ainihin abin da aka girbe.

(c) 'Yan kasuwa, da 'yan siyasa, da ƙungiyoyi. Mai shago a Kantin Kwari yana son tallan daƙiƙa talatin da zai sa a WhatsApp ko TikTok. Ɗan takara yana son a haɗa waƙarsa da hoton taronsa. Ƙungiyoyin agaji da na lafiya suna son bayani da Hausa da fassarar Turanci a ƙasa. Waɗannan na ƙarshe sun fi biya, amma suna neman takarda, da asusun banki, wani lokaci har da rajistar kamfani.

(d) Kasuwannin aiki na intanet. Fiverr, wadda aka kafa a 2010, da Upwork, wadda ta ɗauki wannan suna a 2015, dillalai ne da suke haɗa mai aiki da mai bukata ko'ina a duniya, su cire la'adarsu. Ta Fiverr kashi 20 ce cikin ɗari. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023, ladan dala ya ƙara kwarjini. Amma a can ɗan Kano yana gasa ne da editocin Indiya da Pakistan da Filifin, ga matsalar tura manyan hotuna da aka ambata a sama. Inda ya fi su shi ne harshe. Duk aikin da ya bukaci a ji Hausa a yanke magana daidai gaɓarta, ko a rubuta fassara, ba shi da abokan takara da yawa.

A dukkan hanyoyin nan huɗu abu ɗaya ne mabuɗi, watau samfurin aiki. Kamar yadda maɗinki yake rataye rigar da ya ɗinka a ƙofar shago, haka mai tacewa yake haɗa gajeren hoto na minti ɗaya ko biyu daga ayyukansa mafi kyau, don gani ya kori ji. Bayan wannan sai ubangida. Har yau yawancin masu sana'ar a hannun wani suka koya, suka fara da kwafar hotuna da jera su, kuma shi ubangidan ne yake tura musu aikin da ya yi masa yawa.

7.0 Jinga da Amana

Cinikin baka shi ne ƙa'ida, kuma daga nan saɓani yake tasowa. Abubuwa uku ne aka fi yin jayayya a kansu. Na ɗaya, kuɗin somin aiki, wanda wasu suke kira kafin alƙalami, aron suna daga malaman zaure. Mai hankali ba ya taɓa aiki sai an ba shi wani abu, kuma ba ya sakin tataccen aiki sai an cika. Kafin nan samfuri mai tambari a kai yake nunawa. Shi ma kuwa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na biyu, yawan gyara. In ba a yanke tun farko cewa gyara sau biyu ne ba, darakta zai yi ta dawowa har ladan ya tashi a banza. Na uku, haƙƙin mallaka. Waƙa ko kiɗan da aka ɗora ba da izini ba yana iya sa YouTube ta karkatar da kuɗin tallan ga mai waƙar ko ta sauke hoton, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi abin da ake sawa a intanet.

Batun amana ya fi na kuɗi nauyi. Hoton kamu ko na wunin biki, wanda mata suka yi a tsakaninsu, yakan kwana a ɗakin saurayin da ba muharraminsu ba. Haka nan fim ɗin da ba a saki ba, in ya fita daga na'urarsa, jarin mai shi ya nutse. Jama'ar Kano ba su manta da 2007 ba, sa'ad da wani hoton sirri ya bazu ta wayoyi, har aka dakatar da shirya fim na watanni. Ta ɓangaren hukuma ma, zama a gida bai fitar da mutum daga doka ba: a Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango saboda sakinsu ba tare da an kai mata ta duba ba. Duk ranar da aka tsayar da shiri, ladan mai tacewa na wannan mako ya tsaya.

8.0 Mai Tacewa da Harshe

A nan ne al'amarin ya fi shafar manazarta. Mai tacewa shi ne na ƙarshe da yake taɓa magana kafin ta isa kunnen jama'a. Gaisuwar Bahaushe doguwa ce, daga sallama zuwa tambayar gajiya da iyali. Shi ne yake yanke shawarar nawa za a bari. Shirun da 'ya take yi a gaban mahaifinta, da sunkuyar da kai kafin amsa, su ne hoton kunya, kuma daƙiƙa biyu da aka datse sun isa su mai da ladabi tsiwa. Kasuwa tana jansa gefe biyu: gajerun hotunan waya suna son a yanke kowane numfashi, shirin mako-mako kuma yana son a ja labari don talla ta sami wurin shiga. Yaran da suke tashi da kallon waɗannan abubuwa daga nan suke ɗaukar wani kaso na saurin maganarsu da tsarin hirarsu.

Sa'an nan ga rubutu. Sunan fim, da sunayen ma'aikata, da rubutun ƙasan hoto, duk daga hannunsa suke fitowa. Yawancin salon haruffan ado da suke zuwa da manhajoji ba su da ɓ, ɗ da ƙ, don haka sai a ga baki a gurbin baƙi, ko fada a gurbin faɗa, ko kafa a gurbin ƙafa. Ga kuma haɗe kalmomin da ƙa'ida ta raba, irin su ya ce da shi ne. Abin da miliyoyin mutane suke karantawa a allon waya kullum ya fi abin da suke karantawa a littafi yawa, saboda haka kuskuren mai tacewa ya fi na ɗalibi saurin zama ɗabi'a.

9.0 Kammalawa

An ga yadda tace hoto ya tashi daga aikin gwamnati ya koma na kamfani, sa'an nan ya sauka a ɗakunan unguwanni irin su Rijiyar Zaki, inda ya tarar da tsohon tsarin ubangida da yaro, da jinga, da dillali, da la'ada, ya zauna a kansa. Akwai aiki biyu da suka rataya a wuyan sassan Hausa na jami'o'i da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya. Na farko, a shiga ɗakunan masu tacewa a tattara kalmomin da suke amfani da su tun kafin a ƙirƙira musu wasu, a kuma samo kalmar da za ta raba aikin edita da na hukuma. Na biyu, a shirya musu gajerun bita a kan ƙa'idojin rubutun Hausa, a kuma wadata su da haruffa masu lanƙwasa. Jami'ar Bayero maƙwabciyar Rijiyar Zaki ce, tafiyar ba ta da nisa.